Makarantar da ke bayan coci: wa ya kamata ya ɗauki nauyinta?

A unguwannin Kaduna irin su Kakuri da Narayi da Sabon Tasha, haka kuma a Sabon Garin Kano da na Zariya, akwai wata irin makaranta da mai wucewa ba ya lura da ita sai hayaniyar yara ta ja hankalinsa. Tana bayan majami'ar Baftis, katanga ɗaya ta kewaye su. Azuzuwa shida ne ko takwas na bulo, da rufin kwanon da ke hana a ji muryar malami idan ruwan Agusta ya sauko. Ranar Lahadi a cikinsu ake koya wa yaran ikilisiya Littafi Mai Tsarki. Daga Litinin zuwa Juma'a kuma sai su koma firamare, 'ya'yan tela da na mai gadi da na matar da ke tuyar ƙosai a bakin titi su cika bencina. Filin da masu ibada ke ajiye motoci shi ne filin wasa, ofishin hedimasta kuwa sau da yawa tsohon ɗakin ajiye kujeru ne.

A takardun gwamnati sunanta makarantar kuɗi, rukuni ɗaya da makarantun Maitama da ake kai yara cikin motoci masu sanyi. Ana neman ta yi rajista, ta sabunta izini, ta biya abin da hukumomi suka yanka mata, kamar kowace sana'a. A idon maƙwabta Musulmi da yawa kuma, wani sashe ne na coci, don haka ba ruwansu da ita. Duka kallon biyu sun kauce wa gaskiyar lamarin. Wannan makaranta aikin da tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati take yi, a unguwannin da azuzuwan gwamnati suka cika suka batse, kuma da kuɗin talakawa take yin sa. Ya dace jihohi su tallafa mata, bisa yarjejeniya rubutacciya mai sharuɗɗa, ita kuma ikilisiya ta san cewa karɓar wannan tallafi zai ci mata wani abu da take ƙauna.

Ƙanƙantar makarantar tana da asali. Ɗan mishan na farko da Baftis na kudancin Amurka suka aiko, Thomas Jefferson Bowen, ya iso ƙasar nan a 1850 da niyyar kutsawa can cikin nahiyar. Ya kai har Ilori, amma Sarki bai yarda ya zauna ba, sai aikin ya kafu a ƙasar Yarabawa, musamman Ogbomosho. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Saboda haka ɗariƙar Baftis ta shigo Arewa ne ta wata ƙofa daban. Fatake da akawu da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarabawa ne suka taho da ita, bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, suka zauna a sabbin garuruwan da aka keɓe wa baƙi, da Kaduna, da Jos inda ake haƙar kuza. Inda suka taru suka kafa majami'a, inda suka kafa majami'a kuma suka buɗe aji, domin ɗan da bai iya karatu da lissafi ba ba zai gaji ubansa a kanti ko a ofishin reluwe ba.

A tsarin Baftis babu bishof da ke ba da umarni daga sama. Kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta, ita ke zaɓen fastonta, ita ke riƙe da asusunta. Babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda ta samo asali a 1914, haɗin gwiwa ne na ikilisiyoyi masu cin gashin kansu. Ma'anar wannan ga makaranta ita ce ƙarfinta bai wuce ƙarfin mutanen da ke zama a kujerun cocin ranar Lahadi ba. Idan ikilisiya ta ma'aikatan banki ce, makarantarta za ta yi bene. Idan ta tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri ce, waɗanda manyansu suka rufe tsakanin 2002 da 2007, makarantar za ta yi kama da aljihunsu.

A zamanin Turawa da jamhuriya ta farko akwai tsarin da gwamnati ke ba makarantun mishan da suka cika sharuɗɗa tallafin kuɗi, tana aiko masu duba aiki su ga ko an cancanta. Daga baya aka sauya hanya. A Arewa makarantun firamare da dama sun koma hannun hukumomin ilimi na yankuna, waɗanda har yau mutanen Kaduna ke kiran makarantunsu da L.E.A. Bayan yaƙin basasa kuma gwamnatocin soja suka karɓe manyan makarantun mishan a farkon shekarun 1970. Kwalejin St. John ta Kaduna ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta zama Sarauniya Amina, St. Paul ta Wusasa ta zama Kufena. Hujjar da aka bayar tana da nauyi: ƙasar da ta fito daga yaƙi tana buƙatar manhaja ɗaya da ƙofa buɗe ga kowa, ba tare da an tambayi yaro ɗariƙar ubansa ba. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya fiye da lissafin da aka yi. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, albashin malamai ya fara makara, rufi ya fara yoyo, iyaye suka shiga neman mafita. Ƙananan makarantun da ke bayan coci a yau yawancinsu 'ya'yan wannan zamani ne. Ikilisiyar da aka karɓe wa makaranta ta sake farawa daga aji ɗaya, amma a wannan karon babu tallafi, masu duba aiki kuma sun fi zuwa duba takardun izini fiye da littattafan yara.

Halin da firamaren gwamnati ke ciki ba ɓoyayye ba ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malamai kusan 33,000 jarrabawa a matakin aji huɗu, ta kuma sanar cewa 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta gardama kan adalcin jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya, kuma akwai malaman gwamnati masu himma da ke fama da yara ɗari a aji guda ba tare da alli ba. Amma uban da ke tuƙa Keke Napep bai jira an gama gardamar ba. Ya ga ɗan maƙwabcinsa da ke zuwa makarantar coci yana haɗa baƙi a aji biyu, nasa kuma yana aji huɗu bai iya ba, sai ya yanke shawara.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda lissafin irin wannan makaranta yake. A ɗauki misali kawai. A ce tana da yara 150, kowanne yana biyan naira 15,000 a zango. Kuɗin shekara zai kama naira miliyan 6 da dubu 750, idan kowa ya biya, abin da ba ya faruwa. A ce kuma tana da ma'aikata tara: malamai bakwai, hedimasta da mai gadi. Idan za a biya kowannensu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, albashi kaɗai zai ci naira miliyan 7 da dubu 560. Tun ba a sayi alli ba, ba a gyara masai ba, an riga an shiga bashi. Hanyoyin cike giɓin uku ne, kuma kowace tana da ciwo. Ko a ƙara kuɗin makaranta, a kori waɗanda aka buɗe ta dominsu. Ko a juya ga baikon Lahadi, wanda shi ma daga aljihun iyayen yake fitowa. Ko kuma a biya malami abin da bai kai kuɗin motarsa ba, tunda dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Hanya ta uku aka fi bi. Sakamakonta shi ne malama mai takardar NCE ba ta daɗewa. Da zarar ta sami gurbi a wani wuri, ko ta ga sana'ar POS ta fi riba, sai ta tafi a tsakiyar zango, a maye gurbinta da matashin da ya gama sakandare yana jiran sakamakon JAMB. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara lalacewa ta kowane ɓangare, domin uba da malami da ikilisiya duk kasuwa ɗaya suke zuwa.

Ga wannan kuma an ƙara nauyin tsaro. A ranar 5 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga sakandaren Baftis ta Bethel da ke ƙaramar hukumar Chikun, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai a ƙarshen 2023. Waccan makarantar kwana ce a gefen gari, amma tsoron ya shiga kowace ikilisiya mai aji a bayanta. An ƙara tsawon katanga, an ɗauki mai gadi na biyu, duk daga asusun da bai isa albashi ba.

Akwai kuma wata hasara da ba ta shiga littafin ma'aji. Dattawan Kaduna da Zariya da Jos da yawa, Musulmi da Kirista, sun zauna benci ɗaya a makarantun mishan ko na L.E.A., sun san sunayen iyayen juna, sun ci tuwon salla da shinkafar Kirsimeti a gidajen juna. Tarzomar 2000 da ta 2002 sun raba Kaduna gida biyu, kogi a tsakiya, kowa ya tattara ya koma inda ya ga masu addininsa sun fi yawa. Yaron da aka haifa a Rigasa ko a Sabon Tasha bayan wannan lokaci yana iya gama firamare bai taɓa aron fensir daga hannun wanda ba addininsu ɗaya ba. Wuraren da suka rage inda irin wannan cuɗanya ke yiwuwa kaɗan ne, kuma ƙaramar makaranta mai araha a unguwar da har yanzu take gauraye tana cikinsu. Taron zaman lafiya na kwana biyu a otal yana da nasa amfani, amma ba ya yin abin da shekara shida a aji ɗaya ke yi.

A nan ne uba Musulmi zai yi tambayar da ta dace: idan ya kai 'yarsa, me za a koya mata da safe kafin a shiga aji? Tambayar ba ta son zuciya ba ce. Makarantar mishan tun asali hanya ce ta bishara, kuma masu ita ba su taɓa ɓoye haka ba. Tsarin mulkin 1999 ya taɓo batun a sashe na 38. Ƙaramin sashe na biyu ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko halartar ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Ƙaramin sashe na uku kuma ya kare haƙƙin kowace al'ummar addini ta koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Wannan sharaɗi na ɗaukar nauyi gaba ɗaya shi ne gaɓar da ake yawan tsallakewa. Ranar da kuɗin jama'a ya shiga makaranta, matsayinta ya sauya, kuma ya kamata kowa ya san yadda ya sauya tun kafin a karɓi kobo.

Jihar Kwara ta nuna abin da ke faruwa idan ba a yi haka ba. A can akwai makarantun da mishan ta kafa, gwamnati ke biyan malamansu shekara da shekaru, ikilisiyoyi na cewa mallakarsu ce, gwamnati na cewa na jama'a ne. A watan Fabrairun 2021 rikici kan sanya hijabi ya sa aka rufe makarantu goma a Ilori, ciki har da ta Baftis da ke Surulere, da aka zo buɗe su kuma aka yi jifa da duwatsu a bakin ƙofa. Shekara guda bayan haka, a sakandaren Baftis ta Oyun da ke Ijagbo, rikicin ya ci rai. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da ta taso daga Legas, cewa ɗalibai mata Musulmi na da haƙƙin sanya hijabi a makarantun gwamnati. Mai adawa da tallafi zai ce ga hujja nan: haɗa kuɗin gwamnati da makarantar addini kunna wuta ne kusa da danga. Sai dai abin da ya haddasa rikicin Kwara shi ne zaman da aka yi na shekaru da dama, kowane ɓangare yana riƙe da nasa fahimtar wanda ke da iko da ƙofar makaranta. Da an rubuta tun farko wa ke naɗa shugaba, wa ke da filin, wace sutura aka yarda da ita, da gardamar ta ƙare a teburin sa hannu, wanda bai gamsu ba ya janye tun yara ba su shiga tsakiya ba.

Ghana ta bi wata hanya da ta cancanci a duba, musamman da yake ta shafi Hausawan zango. A can makarantun mishan suna cikin tsarin gwamnati, ita ke biyan malamai, ɗariƙu kuma na da hannu a gudanarwa. A 1987 aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimin ƙasar, makarantun Islamiyya da yawa a Kumasi da Tamale da Accra suka shiga, suka karɓi manhajar ƙasa da malaman gwamnati ba tare da sun bar Larabci da karatun addini ba. Tsarin bai kawar da saɓani ba. A 2021 an yi ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasar kan hana wata ɗaliba Musulma azumi a makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast. Duk da haka ya nuna abu ɗaya mai muhimmanci ga Arewa: ƙofar tallafi ɗaya ce ga coci da masallaci. Duk tsarin da za a kawo a Kaduna ko Filato dole ya ɗauki Islamiyyar unguwa mai koyar da boko da ma'aunin da ya ɗauki makarantar Baftis, in ba haka ba ya mutu tun a majalisa.

Yarjejeniyar ba ta buƙatar zama doguwa. Jiha ta ɗauki albashin wasu ƙwararrun malamai, ko da biyu ne ko uku, ta ba da littattafai, ta yafe kuɗaɗen rajista ga makarantar da aka tabbatar ba ta neman riba. Makarantar kuma ta amince da iyakar kuɗin da za ta karɓa daga iyaye, ta buɗe littafin asusunta ga mai bincike sau ɗaya a shekara, ta raba shi da asusun coci. Ta karɓi kowane yaro na unguwa. Addu'ar safe ta ci gaba ga masu so, wanda iyayensa suka rubuta cewa ba sa so ya zauna a aji da malami yana karatu, kuma kada hakan ya zama abin gori. Batun hijabi da sallar azahar da hutun Juma'a a rubuta shi ɓaro-ɓaro. Fili da gini su tsaya a hannun ikilisiya, a kuma rubuta cewa tallafi ba zai taɓa zama hujjar karɓe su ba, domin wanda maciji ya sara a shekarun 1970 yana da dalilin tsoron igiya. Kowane ɓangare ya iya fita bayan sanarwar shekara guda.

Za a ce kuɗin da bai ishi makarantun gwamnati ba, don me za a raba shi da wasu? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma gyaran firamaren gwamnati shi ne kan gaba, babu ja. Amma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin tushe, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa biliyoyin naira na kwance a hukumar UBEC saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Ƙari a kan haka, yaron da ke bayan coci ɗan jiha ne, ubansa na biyan haraji a tasha da kasuwa. Idan makarantarsa ta rufe, ajin gwamnati mai yara ɗari ne zai karɓe shi, ko kuma titi. Biyan malamai uku a ginin da wasu suka riga suka gina ya fi araha a kan gina sabbin azuzuwa shida a unguwar da fili ya ƙare. Wasu jihohin ma sun wuce nan: Legas ta mayar da wasu makarantu ga masu su a 2001, Anambra kuma a 2011 ta mayar da firamare sama da dubu ga ikilisiyoyi, ta ci gaba da biyan albashin malamansu.

Turjiya mafi ban sha'awa daga cikin cocin za ta fito. Raba addini da gwamnati yana cikin ginshiƙan aƙidar Baftis tun kafuwarta a ƙarni na 17, lokacin da mabiyanta suka sha ɗauri a Ingila saboda ƙin bin cocin sarki. Dattijon ikilisiya da ya ce ba ya son kuɗin gwamnati domin mai biya shi ke da iko yana kan tafarkin kakanninsa, kuma tsarin mulki ya ba shi damar riƙe makarantarsa shi kaɗai. Abin da ya rage masa shi ne ya amsa tambayar malamar da ke karɓar abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba, da ta uwar da aka koro wa yaro saboda bashin zango biyu. Ita wannan aƙida da ta ƙi cocin sarki, ita ce kuma ta koyar cewa ba a tilasta wa kowa bangaskiya, shi ya sa Baftis ba sa yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa. Ɗariƙar da ke kan wannan matsayi bai kamata ta ga wahala ba wajen barin 'yar Musulmi ta zauna a aji yayin da ake waƙar safe.

Tunda kowace ikilisiya ke yanke wa kanta hukunci, ba sai an jira matsaya daga hedikwatar ɗariƙar da ke Ibadan ba. Jiha ɗaya na iya gwadawa da makarantu ashirin, goma na coci, goma na Islamiyya, a ƙananan hukumomin Kaduna ta Arewa da ta Kudu, na tsawon shekara uku, a auna karatun yaran aji uku a farko da ƙarshe, a buga sakamakon kowa ya gani. Akwai ma abin da hukumar SUBEB za ta iya yi a zangon karatu mai zuwa ba tare da sabuwar doka ba: idan ta shirya wa malaman gwamnati horon koyar da karatu a lokacin hutu, ta aika wa hedimastan da ke bayan coci da na Islamiyyar layin gaba takardar gayyata, su turo malaman aji ɗaya da na aji biyu.